Ta Yaya Ka Sani? Karatun Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Jami'a

 Wannan filinmu ne na faɗakarwa kan karatun jami'a.

Yau da 'yan makaranta muke magana, waɗanda suka gama sakandare da waɗanda suke dab da gamawa. Iyaye ma kada ku tashi, ai ku ne masu biyan kuɗin. Fannin da za mu duba shi ne ilimin halayyar ɗan Adam, wanda a jami'a ake kira saikoloji. Ilimi ne na yadda mutum yake tunani, da yadda yake ji a ransa, da dalilin da ya sa yake yin abin da yake yi.

Zango huɗu za mu yi. Da farko, abin da mutane suke zaton ana koyarwa. Sai abin da ake koyarwa a zahiri, kuma a nan za mu fi daɗewa. Na uku, su wa suka rubuta littattafan. Na ƙarshe, hanyar shiga da maganar aiki.

Bismillah, ga zango na farko.

Ɗalibi ya dawo hutu. Ana zaune a tsakar gida bayan isha'i. Sai gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, me ma aka ce kana karantawa?" Ya faɗa mata. Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "To madalla. Faɗa min abin da ke raina yanzu." Kawu kuma daga kan tabarma ya ce, "Au, ashe likitan mahaukata za mu samu a gidan nan."

Gwaggo ba ta canka ba. Kawu ma bai canka ba. Maganar kawu za mu dawo kanta a zango na huɗu. Ta gwaggo kuwa, bari mu gama da ita tun yanzu. Babu jami'ar da ke koyar da karanta zuciyar mutum. Babu ita a Najeriya, babu ita a ko'ina.

Wani zai ce, ai Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, masana wannan fanni sun gwada tambayar fuskar. A shekarar 2006, wasu masana biyu a Amurka, Charles Bond da Bella DePaulo, suka tattara bincike sama da 200 da aka yi kan gane maƙaryaci. Ana nuna wa mutane masu magana, wasu gaskiya suke faɗa, wasu ƙarya, a ce su bambance. Kun san nawa suke cankawa? Kashi 54 cikin 100. Ku lura, wanda ya rufe ido ya yi ta cankensa zai samu kashi 50. Har waɗanda aikinsu ke nan, irin su 'yan sanda, ba su yi wa sauran jama'a wani nisa ba.

Abin da ake koya wa ɗalibi ke nan tun ranar farko. In an faɗi magana a kan halin mutane, komai daɗinta, sai ya tambaya: ta yaya aka sani? Ku riƙe wannan tambaya, za ku yi ta jin ta har ƙarshen shirin. Ta yaya ka sani?

Muna cewa hali zanen dutse, wato ba ya sauyawa. Mu ne kuma muke cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, wato abokai suna sauya mutum. Duka biyun akwai hikima. Amma wane hali ne ba ya kankaruwa? Wanne ne ke bin abokai? A wace shekara ta rayuwa? Karin magana ba ta shiga wannan lissafi ba. Mai saikoloji kuwa aikinsa ke nan, ya auna, ya ƙirga.

Awon nan ya fara ne a ƙasar Jamus. A 1879 wani malami mai suna Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a jami'ar Leipzig, yana auna abubuwa irin tsawon lokacin da mutum ke ɗauka tsakanin jin ƙara da danna maɓalli. Daga nan fannin ya tsaya da ƙafarsa. A Najeriya, sashen saikoloji na farko an buɗe shi ne a Jami'ar Nsukka a 1964.

Mu shiga zango na biyu. Me ake yi a shekara huɗun nan?

Zan fara da abin da ba a son ji. Akwai lissafi. Na sake faɗa, akwai lissafi. Da yawa suna gudun lissafi tun daga sakandare, su zaɓi wannan fanni suna murna, sai su tarar da shi zaune yana jiran su a aji ɗaya. Sunansa ƙididdiga, wato ilimin tattara alƙaluma da fitar da ma'ana daga cikinsu. Ba irin lissafin injiniyoyi ba ne, kada hankalinku ya tashi. Wanda ya iya kaso cikin ɗari, ya iya raba riba a kasuwa, zai iya in ya dage. Daga baya ma kwamfuta ce ke yin aikin, da manhaja irin su SPSS. Sai dai kwamfuta ba ta san tambayar da ka yi mata shirme ba ce. Kai za ka sani.

Me ya kawo lissafi cikin maganar hali? Ga misali. In bazara ta yi zafi, cinikin ƙanƙara yana hauhawa. A daidai lokacin nan kuma cutar sanƙarau take ƙaruwa a ƙasashenmu. Wanda bai yi tunani ba sai ya ce ƙanƙara ke kawo sanƙarau. Alhali yanayin ne ya haɗa su. Abu biyu su tashi tare, ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Wannan darasi za a yi ta nanata maka shi har ka gaji.

Yanzu mu kawo shi cikin hali. Kowa ya san maganar nan, cewa karatun asuba ya fi zama a kai. Mai yiwuwa haka ne. Amma ta yaya ka sani? Za ka ce, ai ɗaliban da ke tashi da asuba sun fi cin jarrabawa. To, watakila dama masu himma ne ke iya barin bargo da asuba. Himmar ce ta ci jarrabawa, ko asubar? Ga yadda za a koya maka ka warware. Ka samu ɗalibai, a ce sittin. Ka raba su gida biyu da ƙuri'a, kada kowa ya zaɓar wa kansa. Ƙuri'ar ita ce sirrin, don ita za ta watsa masu himma da malalata a kowane ɓangare. Ka ba su darasi iri ɗaya, na tsawon lokaci ɗaya. Waɗannan da asuba, waɗancan da dare. Bayan mako guda ka yi musu jarrabawa ɗaya. Mai makin ma kada ya san ɗan wane ɓangare yake dubawa. Wannan shi ake kira gwaji. Kuma ko bambanci ya fito, sai ƙididdiga ta gaya maka ko na gaske ne, ko dace ne kawai.

Sauran darussan fa? Akwai na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, inda za ka haɗu da ilimin halittu, ka ji cewa ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ne a ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Akwai na girman yaro tun daga goyo. Akwai na koyo da mantuwa. Akwai na mutum a cikin jama'a. Akwai na larurorin ƙwaƙwalwa. Akwai na ma'aikata da wuraren aiki. Bari in ɗan gutsuro muku daga ciki.

Iyaye mata, ga wanda za ku iya gwadawa yau. Ku samu kofi biyu iri ɗaya, ku zuba ruwa daidai wa daida. Ku kira yaro ɗan shekara huɗu ya tabbatar daidai suke. A gaban idonsa ku juye ɗaya a cikin doguwar kwalba siririya. Ku tambaye shi, wanne ya fi yawa? Galibi zai nuna kwalbar. Yayansa ɗan shekara takwas zai yi masa dariya. Yaron ba daƙiƙi ba ne, tunaninsa ne bai kai matakin ba tukuna. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, shi ya shahara da wannan gwaji. Malamin firamare da ya san haka zai rage saurin ɗaga bulala.

Ga na mantuwa. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya yi ta haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, yana auna abin da ya zube. Ya gano mafi yawan zubewar a sa'o'in farko take faruwa, kuma bita a rarrabe ta fi bita a dunƙule. Alarammomi za su ce ai mun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba a wasa da tilawa. Gaskiyarsu. 'Yan jami'a masu kwana karatu daren jarrabawa su ne ba su sani ba.

Amma wanda na fi so ku saurara da kyau shi ne na shaida. A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota. Fim ɗaya kowa ya gani. Sai aka tambaye su gudun da motocin ke yi. Wasu aka ce musu, "lokacin da motocin suka taɓa juna". Wasu kuma aka ce, "lokacin da suka ragargaji juna". Na farko suka kimanta kusan mil 32 a awa. Na biyu suka ce kusan mil 41. Kalma ɗaya ce ta sauya a cikin tambayar.

Ba su tsaya nan ba. Suka sake gwaji da wasu ɗaliban. Bayan mako guda aka kira su aka ce, kun ga fasasshen gilashi a fim ɗin? Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalmar ragargaza, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 da aka yi wa da kalma mai sauƙi, 7 ne kacal. Jama'a, babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Kuma ba ƙarya suka shirya ba. Har ga Allah sun tuna sun gani.

Ku yi tunanin wannan a gaban alƙali. Ku yi tunaninsa a zauren mai unguwa, ana sasanta rikicin maƙwabta, kowa yana rantsuwa da idonsa ya gani. Mutum na iya zama mai gaskiya, tunawarsa kuma ta karkace saboda yadda aka yi masa tambaya. A ganina, ko wannan kaɗai ɗalibi ya fita da shi, bai yi asarar kuɗin makaranta ba.

Ɗaya kuma a gurguje. A farkon shekarun 1950, Solomon Asch ya zaunar da mutane yana nuna musu layuka, a faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo. Amsar a fili take. Amma duk 'yan ɗakin an haɗa baki da su su faɗi kuskure, ban da mutum guda. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ayari aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. Da aka sa mutum ɗaya tak ya riƙa faɗin gaskiya a ɗakin, sai bin ayarin ya faɗi warwas.

A aji huɗu, kai ma za ka yi naka binciken, wanda ɗalibai ke kira furojet. Za ka zaɓi tambaya, ka fita ka tattara bayanai, ka ƙirga, ka tsaya gaban malamai ka kare. A nan za a tsananta maka kan amana. Ba a bincike a kan mutum sai da yardarsa. Ba a fitar da sirrinsa. Ba a cutar da shi don neman maki.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan karatun saikoloji, ilimin halayyar ɗan Adam, a matakin digiri na farko. Ga zango na uku. Su wa suka rubuta littattafan?

Kun ji sunayen da na yi ta ambata. Jamus, Amurka, Suwizalan. Ba haka kawai ba ne. A 2008 wani masani, Jeffrey Arnett, ya duba manyan mujallun fannin. Alƙaluman da ya fitar sun nuna kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi binciken a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke. Ƙasashen nan kuwa, kashi 12 ne kawai na al'ummar duniya. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. Amma a littafi sai a rubuta "ɗan Adam yana yin kaza".

To ka ga tambayarmu ta dawo, wannan karon a kan littafin kansa. Ta yaya ka sani? A kan wa ka gwada?

Ɗauki misalin ɗan fari. Uwa Bahaushiya ko Bafulatana ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ana yabonsa sai ta kau da kai. Kawo takardar awon shaƙuwar uwa da ɗa da aka tsara a Amurka, ka cike mata ba tare da gyara ba. Takardar za ta ce wannan uwa ba ta damu da ɗanta ba. Kai da ka tashi a gidan ka san alkunya ce. Ka san wa ake ɓoye wa tsokar nama a ƙasan kwano. Haka yaron da ke sunkuyar da kai in babba na magana. A wani littafin alamar rashin gaskiya ce ko tsoro. A wurinmu tarbiyya ce.

Haka kuma yadda mutanenmu ke faɗin damuwa. Da wuya dattijuwa ta zauna ta ce tana cikin baƙin ciki mai tsanani. Za ta ce kanta yana zafi, barci ya ƙaurace mata, wani abu yana yi mata yawo a jiki, abinci ba ya shiga. Wanda bai ji Hausa ba, ko ya ji ta sama-sama, zai wuce wannan bai gane ba. Saboda haka ɗalibi, harshenka da sanin gidanku jari ne a wannan fanni. Kada ka ajiye su a ƙofar aji.

Akwai waɗanda suka riga ka bin wannan hanya. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, a 1954 ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai ya saukar da su a ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Na san akwai iyayen da abin da ke ransu daban ne. Suna tsoron kada karatun ya taɓa aƙidar yaro. Tsoron yana da tushe, don wasu daga cikin magabatan fannin, irin su Sigmund Freud, ba su ɗauki addini da daraja ba. Za a karanta Freud, amma a matsayin tarihi da ra'ayin da ake tankaɗewa, kuma da yawan maganganunsa ba su tsallake gwaji ba. Sannan Musulmi ba baƙi ba ne a nan. Farfesa Malik Badri, ɗan ƙasar Sudan wanda ya rasu a 2021, ya rubuta littafi tun 1979 kan tsaka-mai-wuyar da masana saikoloji Musulmi ke ciki, yana gargaɗi kan haɗiye komai ba tauna. Shi ne kuma ya fassara wa duniyar yau aikin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rayu sama da shekara dubu da suka wuce, wanda ya yi rubutu kan tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, da yadda ake magance su ta hanyar gyara tunani.

Zango na huɗu, kuma na ƙarshe. Hanyar shiga, da maganar aiki.

Digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Galibi yana ƙarƙashin tsangayar kimiyyar zamantakewa. Ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi, wasu jami'o'in kuma suna son ilimin halittu. Sharuɗɗan sun bambanta, don haka a buɗe kundin JAMB na shekarar a karanta kafin a cike fom. Kada a bar wa mai shagon intanet ya zaɓa wa yaro darussa. A Arewa akwai sashen a Jami'ar Jos, da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, da ta Jihar Binuwai da ke Makurɗi. A Kudu akwai Nsukka, da Ibadan, da Legas, da wasunsu. A kula kuma, saikolojin koyarwa da ake yi a tsangayar ilimi reshe ne guda, hanyarsa daban.

Yanzu maganar kawu. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne. Ya yi karatun likitanci shekara shida, sannan ya ƙware. Shi ke rubuta magani. Mai saikoloji ba ya rubuta magani. Aikinsa awo ne da jinya ta hanyar zama da tattaunawa bisa tsari. Kuma ko wannan ɗin, digiri na farko bai isa ba. Sai an ƙara digiri na biyu a ɓangaren jinya, an yi horo a asibiti ƙarƙashin ƙwararru. Na maimaita, digiri na farko ba ya ba ka izinin buɗe wurin duba marasa lafiya.

Buƙata kam akwai ta. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya kimanta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya. Ga waɗanda rikici ya raba da gidajensu a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma, da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958.

Sai dai buƙata daban, gurbin aiki daban. Ba zan ruɗe ku ba. Ba kasafai za ka ga talla an ce ana neman mai digirin farko a saikoloji ba. Masu digirin suna shiga sashen kula da ma'aikata a kamfanoni da bankuna, da ƙungiyoyin agaji, da hukumar NDLEA, da gidajen gyaran hali, da aikin soja da ɗan sanda, da koyarwa, da kamfanonin binciken ra'ayin jama'a. A mafi yawan wuraren nan, abin da ke sayar da kai shi ne ka iya tsara tambayoyi, ka iya tattara bayanai, ka iya ƙididdiga, ka iya rubuta rahoto. Wato lissafin nan da ake gudu, shi ne abincin.

Kalma ɗaya ga wanda ke son fannin don shi kansa yana cikin damuwa. Ba laifi ba ne, da yawa ta nan suka shigo. Amma aji ba asibiti ba ne. In kana fama, ka nemi taimako yanzu, kada ka jira sai aji uku. Kuma in an fara darasin larurorin ƙwaƙwalwa, za ka ga kamar kowace alama da aka lissafa kana da ita, ko kishiyar mahaifiyarka tana da ita. Kusan kowane ɗalibi sai ya yi wannan zazzaɓin. Ka kama bakinka, ba a ba ka lasisin liƙa wa dangi cuta ba.

Kafin ku cike fom, ga aiki. Ku je jami'ar da ke kusa da ku mai wannan sashe. Ku nemi ɗan aji huɗu, ku tambaye shi a kan me yake furojet, kuma wane darasi ya fi ba shi wuya. Ku ari littafin gabatarwa na aji ɗaya. Kada ku fara da babin mafarki, kowa can yake rugawa. Ku buɗe babin hanyoyin bincike, galibi yana farko-farkon littafin, ku karanta shi har ƙarshe, ku ga ko zai riƙe ku.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba karatun aikin jinya da ungozoma.